Tsohuwar Nissan 300ZX tana zafi a cunkoso, tiyoyin iska suna karyewa: daga ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Nissan 300ZX ƙirar 1991, mai turbo biyu, giyar hannu. Ta kawuna ce, ta yi shekaru a ajiye a nan Kaduna kafin ya bar mini ita. Na tashe ta, tana tafiya, amma abu biyu sun hana ni sakat. Na farko, in na shiga cunkoso da rana, musamman da AC a kunne, sai allurar zafi ta fara hawa, da na samu hanya na taka sai ta sauko. Ruwan lagireto yana raguwa kaɗan-kaɗan, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Na biyu, ƙananan tiyoyin roba da ke kan injin duk sun bushe, wanda ka taɓa sai ya karye, silo kuma yana hawa yana sauka. Wani bakanike ya ce a cire tamostat a ɗaure fanka ta riƙa juyawa kai tsaye. Wani ya ce gasket ne ya ƙone, a sauke kan injin. Shin tiyoyin nan ne ke jawo zafin? Kuma me zan fara gyarawa?" Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya saka wa kawu da mafificin abin da ya ba ka.

In na fahimce ka, kana son sanin ko ciwo ɗaya ne ke damun motar ko biyu, da kuma wanda za ka fara kashe wa kuɗi. Ciwo biyu ne, amma tushensu ɗaya: zafi da tsufa. Tiyoyin da suka bushe su ne ke ɓata maka silo, sai dai da wuya a ce su ne ke sa allura hawa a cunkoso. Zafin da ya yi shekara talatin yana gasa cikin bonet shi ya busar da su, kuma shi ɗin ne ya cinye tiyoyin ruwa da ba ka gani. Don haka ɓangaren sanyaya injin za ka fara, kuma kada ka yarda a sauke kan injin kafin a yi gwaje-gwajen da zan faɗa maka. Duk cikinsu babu mai tsada.

Nissan ta fito da wannan samfurin, wanda ake kira Z32, a 1989, aka sayar da shi a Amurka daga 1990 zuwa 1996, a Japan kuma har 2000. Injin da ke cikin taka VG30DETT ne, silinda shida, lita 3, jikinsa baƙin ƙarfe, kawunansa biyu na alminiyam. An cusa shi a wurin da da ƙyar hannu ke shiga, ga turbo biyu a gefensa kamar garwashi. Duk roba da filastik da ke wurin a gashe take kwana. Kawunan alminiyam kuwa ba sa yafe tafasa: sau ɗaya ko biyu in abin ya yi tsanani sai su lanƙwashe. Ga wani abu kuma, allurar dashbod ta wannan motar tana zaune a tsakiya ne ko da zafin yana hawa yana sauka, ba ta motsi sai abin ya yi nisa. Duk lokacin da ka ga ta ɗaga, to injin ya jima a wahala.

Lokacin da take zafin shi ne babban shaida

Ka ce a cunkoso take zafi, a buɗaɗɗiyar hanya ta sauko. Wannan magana ta rage mana rabin aiki. Mota a guje iskar hanya ce ke ratsa lagireto. Mota a tsaye ba ta da iska sai wadda fanka ta jawo. In da zafin a guje yake zuwa, kana haura tudu ko kana taka mai, da lagireto da ya toshe ta ciki zan fara zargi, ko famfon ruwa da fikafikansa suka cinye, ko tamostat (ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya ɗumama) da ba ya buɗewa duka. Naka kuwa yana nuna iska ce ba ta wadatar ba, ƙarancin ruwa kuma ya ƙara wa abin nauyi.

Babbar fankar 300ZX fanbel ne ke ja, amma ba a ɗaure take da injin kai tsaye ba. Tsakaninta da famfon ruwa akwai wani kuloci mai man silikon a ciki. In iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi sai ya kama, fanka ta ja da ƙarfi, in ta yi sanyi ya sake. Da ya tsufa man yakan zube ko ya daina kamawa, sai ka ga fanka tana juyawa, ido ya gamsu, alhali ba ta jan komai. Gwajinsa ba wuya. Ka tuƙa motar har ta yi zafi sosai, ka kashe, ka zare makulli, ka kaɗa fankar da hannu. Mai lafiya za ka ji tana riƙe ka, ta tsaya nan take. In ta ci gaba da wulwulawa zagaye biyu ko uku, kulocin ya mutu. Duba jikinsa kuma ko akwai maiƙo da ƙura ta manne a kai, sannan ka haska gindin fikafikan. Filastik ne, kuma a wannan motar sun yi suna wajen tsagewa daga gindi.

Wannan ne ya sa ban yarda da ɗaure fanka ba. Injin nan yana kai juyi 7,000 a minti. Fankar filastik mai shekara talatin da aka ɗaure ta bi injin zuwa can, wata rana fiffike zai fita ya huda lagireto ko ya kumbura bonet, ga nauyin da za ta ɗora wa boris ɗin famfon ruwa. An gudu ba a tsira ba. Sabon kuloci da sabuwar fanka shi ne gyara.

Sai ƙaramar fankar lantarki da ke gaban kondensar AC. Ita ce mai kawo ɗauki idan zafi ya hau. Ka sa mai waya ya ba ta wuta kai tsaye daga batir a ga ko tana juyawa, sannan a bi fiyus da rile. Motar da ta daɗe a ajiye ba a rasa ta da ɓarnar ɓera. Ka duba kuma ko filastik ɗin da ya kewaye babbar fanka yana nan. Makanikai da yawa in sun cire shi ba sa mayarwa, don yana ba su wahala, ba tare da shi ba kuwa fanka iskar gefe take ja, ba ta cikin lagireto ba.

Akwai wurin da kusan kowa ke mantawa: tsakanin kondensar AC da lagireto. Daga gaba za ka ga komai tsaf. Amma ka kwance ƙusoshin saman lagireto ka ɗan karkato shi baya ka haska tocila. A garejina na sha ciro tabarmar ƙurar hunturu, ganyen darbejiya, leda da gashin kaji daga wannan tsagin, sun haɗu sun zama abu guda da ya rufe kashi ɗaya cikin uku na fuskar lagireton. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Injin wankin mota mai feshi yana kwantar da siraran fikafikan, ya bar ka da toshewar da ta fi ta da.

Ruwan da ke ɓacewa

Rashin ganin ɗigo a ƙasa ba ya nufin gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa. Fara da murfin lagireto, abin da ya fi komai araha. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Murfi mai riƙe matsin bar 0.9 (bar ma'aunin matsi ne) yana kai shi wajen digiri 118, in an haɗa da ruwan sanyaya injin na gaske ya wuce haka. Murfin da robarsa ta tsage ba ya riƙe komai, sai ruwa ya riƙa tafasa a cikin kawunan injin yana ficewa ta tankin rara a matsayin tururi. Akwai lamba a buge a saman murfin. Ka sayi wanda aka yi wa mai turbo, kada a miƙo maka na kowace mota don kawai ya ɗauru.

Bayan murfi, a yi gwajin matsi. Injin na sanyi, a ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, a hura zuwa lambar murfin, a jira minti 15. In allurar famfon ta sauka, akwai yoyo, sai a bi shi da tocila da ɗan madubi. A 300ZX na san inda zan fara leƙawa. Ƙarƙashin babban bututun alminiyam da ya rufe saman injin, wanda ke raba wa silinda iska, akwai gajerun tiyoyin ruwa masu yawa. Suna tsattsafowa a kan ƙarfe mai zafi, ruwan ya ƙafe kafin ya kai ƙasa, ko ya gangara ta bayan injin ya bi jikin giya. Alamarsa farin gishiri-gishiri ko tsatsa a bakin kilif, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan ka kashe mota. Sai tiyoyin hita da ke bayan injin, da na ruwan da ke sanyaya turbo, da kuma inda filastik ɗin lagireto ya haɗu da alminiyam. Taɓa kafet ɗin gaba ma, in da danshi to hitar cikin dashbod ce.

Yawancin waɗancan tiyoyin na ƙarƙashi aikinsu ɗumama maƙogwaron totur ne don kada ƙanƙara ta kama shi a ƙasashen sanyi. A Kaduna ba ka da wannan damuwar, kuma masu irin motar da dama suna zagaye su gaba ɗaya a rage wuraren yoyo. Ina goyon bayan haka, da sharaɗi guda: wanda zai yi ya bi layin da idonsa ya tabbatar bai datse wa turbo ruwa ba.

Gasket fa? Yana iya yiwuwa, tunda ta sha yin zafi, kuma daga nan inda nake ba zan iya wanke shi ba. Amma a tabbatar kafin a kwance. Da safe, injin na sanyi ƙalau, buɗe murfin lagireto, cika ruwa, tayar da mota. Kumfa 'yan kaɗan da farko ba komai. Kumfar da ke fitowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur, ita ce abin tsoro. Haka in tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya da tayarwa, tun ruwa bai ɗumama ba. Akwai ruwan gwaji mai shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, in hayaƙin injin yana shiga ruwa sai ya koma rawaya. A fitar da fulogi shida a jera su: wanda ya fi sauran tsabta fes, ruwa ne ke wanke shi. Sannan a auna matsin kowace silinda. Farin tururi a salansa da sanyin asuba ba hujja ba ce, kuma baƙin mai yana iya zama tsaf alhali gasket ya tafi. A wannan motar sauke kawuna aiki ne babba, da yawa sun fi son ciro injin gaba ɗaya. Ba abin da ake yi da zato ba ne.

Maganar cire tamostat kuma, ga dalilin da ya sa ba ta da amfani. Na wannan injin yana fara buɗewa a wajen digiri 76. Lokacin da allurarka ke hawa a cunkoso ya riga ya daɗe a buɗe, cire shi ba zai ƙara wa lagireto iska ko kaɗan ba. Abin da zai jawo shi ne injin ya daɗe bai ɗumama ba da safe, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta zuba mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke jikin silinda. In ana zarginsa, a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko yana buɗewa tun kafin ruwan ya tafasa. Ni dai a mota irin taka ba na ma gwadawa, sabo nake sawa, domin akwai aikin da ya fi shi gaggawa a wuri guda. Bel ɗin taimin na wannan injin ana canza shi duk mil 60,000, kuma roba ce, zama ma yana cin ta. In ya tsinke, fistin da bawul za su yi karo. Famfon ruwa sai an buɗe murafun taimin ake kai masa. To a yi su rana ɗaya: bel, abin ɗaure shi, famfo, tamostat, da manyan tiyoyi biyu.

Ruwan rijiya ko na burtsatse shi ke tara farar ƙasa a cikin lagireto, ya cinye alminiyam. Omo, garin taba, ƙwai, da sauran abin da ake zubawa don toshe yoyo, duk a bar su. Ruwan sanyaya injin na kirki, haɗe da tataccen ruwa irin na batir wanda ba asid a ciki, shi ke nan.

Tiyoyin iska

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Injin yana auna duk iskar da ke shiga da wata na'ura a bayan matatar iska, da wannan awon ƙwaƙwalwa ke yanke yawan fetur. Tiyon da ya tsage yana shigo da iskar da ba a auna ba, man ya yi kaɗan, silo ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ƙara, ya hau, haka dai. Wannan shi ne hawa da saukar da kake ji. A mai turbo abin yana juyewa in ka taka: matsin ya koma waje, iskar da aka riga aka auna ta tsere ta tsagin, sai man ya yi yawa, mota ta yi nauyi, wani lokaci da baƙin hayaƙi. Tsagi ɗaya, alama biyu masu saɓa wa juna, shi ya sa yake rikita makanikai.

Na ce ba su ke kawo zafin cunkoso ba, amma biyu daga cikinsu suna iya kashe injin, kuma saboda su ne zan roƙe ka kada ka taka motar nan da ƙarfi sai an gama. Na farko shi ne wanda ke zuwa kan na'urar daidaita matsin fetur. Aikinsa ya sa matsin mai ya hau tare da matsin turbo. In ya tsage, turbo na tura iska, mai bai ƙaru ba, sai injin ya fara ƙwanƙwasa, fistin ya narke. Zare shi ka shinshina, in da warin fetur ko danshi a ciki, na'urar kanta ta huje. Na biyu su ne masu zuwa ƙofar rage matsin turbo. Daga kamfani matsin yana tsayawa wajen psi 9, a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi. In tiyon ya fita ƙofar ba za ta buɗe ba, matsin ya yi ta hawa ba birki. Mai mota zai ji daɗi ya ce yau ta samu ƙarfi, kwana kaɗan a ja ta da igiya.

Kada a tsaya neman wanda ya tsage a cikinsu. In ɗaya ya karye a hannunka, sauran sa'o'insa ne, a canza duka. Yadda nake yi: kafin a taɓa komai a ɗauki hotuna da waya ta kowace kusurwa, a duba cikin bonet ko takardar taswirar tiyoyin tana nan manne. Sannan ɗaya bayan ɗaya. A cire guda, a gwada tsawonsa, a yanka sabo, a saka, kafin a taɓa na gaba. Yaron da ya tsige su duka ya tara a faranti ya saya maka mako guda na ciwon kai. Kuma ba a jan tsohon tiyo. Ya riga ya manne da bakin da yake kai, bakunan kuwa da yawa filastik ne da ya gasu, ja ɗaya sai ya ɓalle ya bar ka da neman na'urar da babu ita a kasuwa. Reza ake sawa a tsaga tiyon a tsaye a kan bakin, a ɓare shi a hankali. Kafin ka jefar da tsoho, murza shi tsakanin yatsu daga farko zuwa ƙarshe. Wasu akwai ɗan ƙaramin ƙarfe mai huda a ciki da ke rage gudun iska, dole a mayar da shi cikin sabon a daidai inda yake.

Yawancinsu masu faɗin milimita 4 ne da 6 ta ciki. Tiyon silikon mai kaurin jiki ya fi jure zafi, amma ba ya shiri da fetur ko baƙin mai, don haka ban da shi a layin mai da layin da ke kwashe tururin baƙin mai daga injin. Na birki kuma nasa daban ne, mai ƙarfi, da bawul mai hanya ɗaya a layin, a kula kada a juya shi. Taka mai turbo da giyar hannu har kulocinta iska ke taimaka wa, shi ma a duba nasa. Robar ƙarin ruwa ta asibiti da nake gani a wasu motoci, zafi na taɓa ta take lanƙwashewa ta toshe kanta. Duk bakin da matsin turbo ke kai wa a ɗaure shi da ƙaramin kilif.

Tunda sai an ɗaga wancan babban bututun na sama kafin a kai ga tiyoyin ruwa, a yi komai a buɗewa ɗaya: na ruwa, na iska, gajerun tiyoyin fetur, da gasket ɗin bututun. Na fetur kada a yi wasa da su, matsinsu ya kai bar 3, dole a sa irin na injekta, kuma yoyonsu a kan injin mai zafi gobara ce. Sokets ɗin injekta da na na'urorin auna zafi guda biyu da ke gaban injin su ma za ka tarar sun yi kore, a goge su ko a canza. Na'ura mai waya biyu ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa zafin injin, mai waya ɗaya ta allurar dashbod ce.

Bayan an haɗa, ba na son fesa fetur ko abin wanke kafireto a kan injin da ke aiki don neman yoyo, a wurin da ya matse haka. A toshe bakin shigar iska, a buɗe murfin baƙin mai, a hura iska kaɗan, kada ta wuce psi 5, a bi mahaɗai da ruwan sabulu da kunne. Na'urar gwajin kwamfuta ta motocin yanzu ba ta shiga soket ɗin ta 1991, amma ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin ƙafar fasinja da ɗan jan fitila a jikinta da ke ƙyafta lambobi: 55 lafiya lau, 13 na'urar zafin ruwa, 34 na'urar jin ƙwanƙwasa. A duba taimin da fitila a tabbatar yana kan digiri 15, domin in an mayar da shi baya shi ma yana ƙara zafi.

Wajen zuba ruwa a ɗaga gaban motar, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, a zuba a hankali, a bar ta tana aiki murfi a buɗe har kumfa ta ƙare, washegari da safe a sake cikawa. Iskar da ta maƙale a ciki ta isa ta sa ka ɗauka gyaran bai yi ba. Kayan kuma ka nema da lambar shasi. A Panteka ko Ƙofar Ruwa za a iya miƙo maka na Pathfinder ko Maxima a ce ai duk VG30 ne, alhali ba kowanne ke shiga ba, kuma roba ta Beljiyom tsufanta ɗaya da wadda ka cire. Wasu sai dai ka yi oda daga waje ka jira.

In ka yi gwajin fanka, na matsi da na kumfa, aiko mini da abin da kowanne ya nuna, tare da hoton fulogi shida a jere yadda suka fito, sai in gaya maka ko maganar gasket tana nan ko ta wuce.